Jiran Jirgin Lawos

Wanda ya cuce ni aminin ubana ne, kuma ga abin da ya yi: ya cire ni daga aikin alhazanmu ya ba mijin 'yarsa, ni kuwa ya dasa ni a tashar jiragen ruwa ta Jidda kwana talatin da ɗaya ina jiran jirgin ƙasar da ba ta da teku. Ban ƙara gishiri ba.

Wakilin alhazai ne, ofishinsa a unguwar Bagdadiyya a Jidda, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Shekara goma sha huɗu ina yi masa aiki. A wancan zamanin yawancin alhazai ta ruwa suke zuwa. In an gama hajji, kowane dalili, wato jagoran alhazai, sai ya ɗaga allo mai sunan ƙasa, mutanensa su taru a ƙarƙashi, ya tsare su har jirginsu ya iso. Nawa allon na 'yan uwanmu ne masu tsallakawa Bur Sudan. Na san mai ɓoye gorar zamzam cikin katifa, na san tsohuwar da za ta ɓata sau uku kafin azahar. A unguwarmu in na wuce ana cewa ga dalilin Hausawa. Mutuncina ke nan gaba ɗaya, ba ni da wani.

Ran nan ya kira ni. "Ya waladi, an ƙara maka girma. Na ba ka ƙasa sukutum." Waladi yake ce mini, wato ɗana, da furfura a gemuna. Ni kuma Ammi nake ce masa, wato baffana.

Na ce, "Wace ƙasa, Ammi?"

"Lawos."

"Mutum nawa?"

"Ɗaya. Ka riƙe shi har jirginsu ya zo, sannan ka koma kan mutanenka. Kafin nan surukina zai ɗan riƙe maka. Yalla."

Aji uku na yi a makaranta. Ina karanta allo, amma ba wanda ya taɓa nuna mini taswira. Na ɗauka kowace ƙasa Allah ya yanka mata nata bakin tekun, kamar yadda ya ba kowa baki.

Alhajin nawa wani tsoho ne ɗan tsurut, mai sayar da yadi a birninsu, Biyantiyan. Tare da alhazan ƙasar Siyam ya zo, ciwo ya kwantar da shi a Madina, jirginsu ya tafi ya bar shi. Akwai wani jirgin Siyam da ake jira, amma ƙa'idar ofishinmu ita ce kowa da jirgin ƙasar da ke rubuce a takardarsa. Tasa ta ce Lawos. Halas.

Kullum da hantsi in ɗaga allo, shi ya zauna a kan akwatinsa a inuwar allon. In rana ta juya, in juya, shi ma ya ja akwati. Kullum in je wajen masu duban teku in tambaya ko an hango jirgin Lawos. Su ce, "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe. Ashe in na juya baya har kwanciya suke yi don dariya.

Tsohon yana da guntun Larabci irin na littafi. Tun ranar farko yake ce mini, "La bahar, la bahar," wato babu teku. Na ɗauka tsoron ruwa yake ji. Na yi ta ba shi haƙuri, har na saya masa lemun tsami saboda amai.

Da ya ga ba na ganewa, sai ya koma zane a ƙasa da tsinken asawaki. Ya ja wani dogon layi, ya ce kogin Mekon ne, birninsu a bakinsa. Daga can kwale-kwale za ka shiga ka tsallaka ƙasar Siyam, ka hau jirgin ƙasa har Bankok, nan ne za ka fara jin warin teku. Su ko layin dogo ba su da shi. Na ce to kogin nan ba ya zuwa teku? Ya ce yana zuwa, amma a hanya yana faɗowa daga kan duwatsu, Faransawa ma da taurin kansu sun gwada sun gaji. Ya zana mini wata hasumiya mai ruwan zinariya ta masu addinin Buda. Ya ce mutanen Siyam sun taɓa ƙone birnin ƙurmus, daji ya cinye shi, sai daga baya aka sake ginawa. Ya zana wata ƙatuwar ƙofa a tsakiyar titi, wadda ba ta shiga gidan kowa. Ya ce simintin filin jirgin sama aka ba su, suka gina ta da shi.

Na ce a raina, mutanen da aka ba su simintin tashi suka gina ƙofa, ai ba abin mamaki ba ne jirginsu ya makara.

Na koma ofis na ce, "Ammi, mutumin nan ya ce ba su da teku."

Ya ce, "Ciwo ne ya taɓa masa kai. Kai da shi wa ya fi sanin aiki?"

Na dawo na ci gaba da riƙe allo. Abin haushin, wajen kwana na ashirin tsohon da kansa ya fara leƙen teku. Ya ce wata huɗu ke nan rabonsa da gida, wa ya sani ko an haƙa wani abu a bayansa. Daga inda nake tsaye ina hango surukin Ammi can yana yi wa mutanena ihu da Larabci, tsofaffi suna kallonsa kamar shanu a gaban rediyo. Wasu su ɗago mini hannu. Wata tsohuwa ta aiko mini da goro, wai ta ji an ce laifi na yi.

Da jirgin Siyam ya iso, shugaban alhazansu yana ganin tsohon ya rungume shi, ya ja akwatinsa da hannunsa. Ba wanda ya dubi takarda. Aikin kwana talatin da ɗaya bai kai shan shayi ba. Jirgin mutanena kuwa ya tashi tun shekaranjiya.

Na tafi Bagdadiyya a ƙafa. Na sami Ammi yana cin kankana. Ya ce, "Mabruk, ya waladi. Baɗi ma Lawos taka ce, ka ƙware. Surukina ya saba da Hausawa, kada a dame shi."

Na ce, "Ka san ba su da teku?"

Ya tofar da ƙwallo a tafin hannu. "Wa bai sani ba?"

Na ce, "Ammi, ubana ya ba ka amanata a gadon mutuwarsa, ina tsaye. Da ka ce mini yaron nan na jin yunwa, da na raba aikin da shi. Amma ka mai da ni abin dariyar tasha. Na bar aikinka daga yau. Ban yafe ba, kuma kada ka aiko mini da dattawa. In ka riga ni mutuwa zan zo jana'izarka, a sahun gaba ma. Ba don lada ba, don in tabbatar."