Tukuna da Faifan Asibiti

Yayanta ne ya raɗa mata Tukuna tun suna yara. In an ce ta fito a tafi makaranta, sai ta ce tukuna, ta koma ta taɓa kwaɗon ƙofa ta tabbatar ya kama. Sunan ya bi ta gidan miji, ya bi ta har asibitin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana kula da kwamfutocinsa. Yau tana da jikoki biyu da gwiwa mai ciwo, amma halin yana nan inda yake.

Aikinta ba mai wuyar faɗa ba ne. Asibitin yana da sabar biyu, manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Ita ta sa musu Babba da Ƙarami. Babba yana hawa na uku a ginin gwaje-gwaje, Ƙarami yana kusa da ofishinta. Faifan ajiyar bayanai ɗaya suke tarayya a kai, kuma dokarsa guda ce: sabar ɗaya kaɗai ke ɗaura shi, wato ta haɗa shi da kanta, ta yi rubutu a ciki. In Babba ya mutu, Ƙarami ya ɗauka. In kuwa suka ɗaura shi tare, kowanne zai rubuta a kan rubutun ɗan'uwansa, bayanai su cakuɗe, sakamakon wannan ya koma ƙarƙashin sunan wancan. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, haka take gaya wa duk sabon ma'aikaci.

Wata Talata da hantsi Babba ya yi shiru. Ƙarami ya kira shi bai amsa ba, ya nemi ya yanke masa wuta daga nesa kamar yadda aka tsara, hakan ma bai yiwu ba. Sai ya ƙi taɓa faifan, ya tsaya yana jiran mutum. Nan take kwamfutocin likitoci suka tsaya cak, layi ya kai bakin ƙofa.

Manaja ya faɗo ofishin yana huci.

"Hajiya, an ce umarni ɗaya za ki buga komai ya dawo. Me kike jira?"

"Tukuna, Yallaɓai. Ban san ko Babba ya mutu ba."

"Ba ya amsawa!"

"Wanda bai amsa sallama ba, ba lallai ya rasu ba."

Dogo, abokin aikinta, ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Manaja bai ga abin dariya ba. Ya ce in ta ƙara minti biyar za ta amsa tambaya a rubuce. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, yana cikin layin, yana jiran sakamakon gwajin jini kafin a sa shi a injin wankin ƙoda.

"Tukuna, ke ce kika shanya mu ko? Na san za a rina."

Wannan ya sosa mata rai, don ta san yadda zama ke wahalar da shi. Yatsanta ya kai kan madannai, ta janye shi. Ta ce wa Dogo kada ya taɓa komai sai ya ji muryarta, ta ɗauki makulli ta fita.

Lif ya lalace, kamar kullum in ana bukatarsa. Ta ratsa farfajiya, ta hau matakala tana dafa ƙarfe, tana tsayawa a kowane hawa gwiwar ta lafa. Da ta buɗe ɗakin, sanyi ya buge ta, ga Babba nan garau, fitilunsa kore suna ƙyaftawa. Akwatin da ke haɗa shi da sauran asibitin ne ya ƙone. Injinan gwaji kuwa wayarsu daban ce, suna ta turo masa sakamako, shi kuma yana ta rubutawa a faifan. Gani ya kori ji.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta roƙi masu gwaji su dakata, ta jira rubutun ƙarshe ya shiga, ta sauke faifan daga Babba, ta kashe shi, ta zare wayar wutarsa da hannunta. Sannan ta kira Dogo.

"Yanzu."

Dogo ya buga umarnin, Ƙarami ya ɗaura faifan, asibiti ya farfaɗo. Minti ashirin da shida aka yi. Takardar Manaja ta riga ta isa teburinta, ta tura ta ƙarƙashin kofin shayi, don ta san abin da za ta rubuta.

Ta samu yayanta a kan benci, an miƙo masa sakamakonsa. Ya rame, amma bakin yana nan.

"Duk wannan jira a kan takarda ɗaya? Ni har yau ban san aikin me kike yi a nan ba."

Ta karɓi takardar, ta sa tabarau. Ta duba suna, ta duba lambar kati, ta bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, ta ga sun yi kusa da na watan jiya. Sai a lokacin ta zauna kusa da shi.

"Taka ce, Yaya," ta ce, ta miƙa masa. "Jininka ne, ba na wani ba. Tashi mu je, ana kiranka."