Sunan da Yaya Mudi bai taɓa kira ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Mudi. A shekarar korona ce, lokacin da aka rufe masallatan Dubai, ladan na kira yana cewa kowa ya yi salla a gidansa. Na rubuta ranar da ajami a bangon littafin addu'o'ina, duk shekara kuma nakan zauna in tuna alherinsa. Bana alherin ya ƙi zuwa shi kaɗai.

Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu. Bakanon da ya sauka unguwar Deira ta Dubai bai san kowa ba, a shagonsa na kago, inda ake aika kaya gida, yake shan shayin farko. Yaya ya san sunan kowane ɗan dako a layin. Suna ɗaya ne bai taɓa fita daga bakinsa ba: Sakina, 'yarsa ta fari. Ya riƙe kunyar ɗan fari yadda kakanninmu suka riƙe ta. "Yarinyar nan" yake cewa, kuma ba ya zama inda take zaune.

An haifi Sakina ƙafafunta ba sa ɗaukarta, a keke ta girma. Tana da katin masu buƙata ta musamman, wata cibiya kuma tana turo mota ta ɗauke ta karatu da gashin ƙashi. Takardar ajiye mota kyauta da aka ba ta kuwa, a motar Yaya take kwana, ko da Sakina ba ta ciki.

Da ta cika sha bakwai, malamarta, wata 'yar Sudan, ta aiko. Ta ce tallafin yara zai tsaya in ta cika sha takwas, zamanta a ƙasar kuma a kan bizar mahaifinta yake. Tana so ta koya mata shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, ita kaɗai, da ganin likita ita kaɗai. Akwai ma ofishin da zai ɗauke ta koyon aiki, daga baya ya yi mata biza tata. Sharaɗi ɗaya ne: uba ya zo ya zauna tebur ɗaya da 'yarsa, ya ji daga bakinta abin da take so, ya sa hannu.

"Ni?" in ji Yaya. "In zauna gaban yarinyar nan tana karanta mini abin da take so? Ina raye a ce 'yata tana tura keke a titi tana neman albashi? Khalas, magana ta ƙare, Idi. Je ka ce mun gode."

Na je na faɗa. A hanyar dawowa Sakina ta ce, "Baffa, ka ce ya zo ya juya mini baya. Ni zan yi magana da bango, shi ya sa hannu." Na yi dariya. Allah ya gafarta mini, dariya na yi, na ce mata ba a karya al'ada saboda takarda.

Wata bakwai bayan haka Yaya ya rasu, bizarsa ta faɗi, tata da ta mahaifiyarta suka bi. Wurin da malamar ta nema mata an riga an ba wa wani. Muka taru a falonsa na unguwar Hor Al Anz muna shawarar gidan da za a kai ta, tana gefe tana jinmu. Can ta ce, "Ku masu kago, ko kwali ne kukan tambayi mai shi inda za a sauke." Ni na tura kekenta har filin jirgi.

Gidanmu na cikin birnin Kano yana da dakali uku da kwata a bakin ƙofa. Keken ba ya wucewa, sai an ɗauke ta. Da farko ana ɗauka, daga baya aka gaji.

Yau idan na shiga metro a tashar Al Rigga nakan ga matasa a keke, katin aiki rataye a wuya, suna sauka inda suka ga dama. Sai in ce, da Yaya zai gan su me zai ce? Na san shi. Zai ce Masha Allah, ya tambayi sunansu, ya ma riƙe musu ƙofa. 'Ya'yan wasu ne ai. Ku iyaye masu irin wannan amana, ba za ku dawwama ba. Ku koya musu hanya tun kuna da ƙafar raka su.

Da azumin bana na je Kano, na durƙusa a bakin ɗakin Sakina. Shekararta ashirin da biyu. Na ce, "Sakina, mahaifinki yana ƙasa, haƙƙinki yana kansa. Ki yafe masa."

Ta ce, "Na yafe masa, Baffa. Ba na son ranar hisabi a tsayar da mu wuri ɗaya ya rasa yadda zai kira ni. Kai ma na yafe maka. Ja mini ƙofa in za ka fita."

Na ja mata. Allah ya jiƙan Yaya Mudi, ya sa wannan yafiya ta ishe shi.