Kumfar da Inna Hindatu Ta Gani

Duk mai shan fura a Yalwawa ya san Inna Hindatu. Shekara talatin tana tallan nono, kallo ɗaya take yi wa ƙwarya ta gane an surka ruwa. Abu ɗaya ne bakinta bai iya ba: sunan ɗanta na fari, Sharhabilu. Kunyar Fulani ke nan. "Wancan" take ce masa, har ya zama malamin makaranta mai 'ya'ya uku.

Bara ƙafafunsa suka fara mutuwa, takalmi ya zame masa bai sani ba. Aka kwantar da shi a asibiti nan Dutse. Matarsa tana jego, dole jinya ta faɗo kan Inna. Jinyar ma abin dariya: tabarmarta a baranda, tuwo sai ta ba wani ya miƙa masa. Amma robar fitsarinsa, ba ta yarda kowa ya zubar ba sai ita.

A nan ta ga kumfa, fara fat, wadda ba ta kwanciya. Mai nono ta san kumfa, wannan kuwa ba ta lafiya ba ce. Kwana uku maganar tana cin ta. Uwa ta tsaya gaban namiji tana zancen fitsarin ɗan fari? Gara ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta ji za a sallame shi da maganin jijiya kawai.

Ta tare likita a baranda, kanta a sunkuye.

"Likita, ku duba fitsarin wancan."

"Wane wancan, Inna? Gado ashirin ne a ɗakin nan."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Sharhabilu. Ni na haife shi."

Da aka auna, ashe ƙodarsa yoyo take. Likita ya ce akwai wani sinadari kamar danƙo da ke riƙe ƙwayoyin jijiya, akwai shi kuma a matatar ƙoda, garkuwar jikinsa ce ta juya tana cin sa. Ciwon ƙafar da na ƙodar uwarsu ɗaya. Da an makara, sai wankin ƙoda.

Yau yana takawa makaranta da sanda. Inna ta koma "wancan" abinta, kamar ba a yi ba. Ba ta san gadonsa na asibiti yana jikin tagar barandar ba. Ya gaya wa matarsa, idonsa da ƙwalla, sau ɗaya tak ya taɓa jin sunansa a bakin uwarsa, kuma ya ishe shi har ya mutu.