Ranar da Na Kai Surukina Masallaci

Lokacin da nake zaune a Germantown ta Amurka ina aikin kwamfuta, abokaina duk sun sayi motocin hankali masu ƙofa huɗu. Ni kuwa na je garejin wani dattijon Bature na ɗauko tsohuwar motar tsere. Ja ce, kujera biyu, ta ma girme ni. Rufinta na tanti ya yayyage, sai na cire shi na huta. In ka zauna a ciki kamar a tabarma kake, don kusancinta da ƙasa. Ranar Asabar da hantsi nakan hau titin 270 in taka ta har idona ya kawo ruwa, ina ihu ni kaɗai. Ina son motar nan, ba zan ɓoye ba.

Akwai kuma wadda nake so fiye da ita, wata ma'aikaciyar jinya a garin Largo. Magana ta yi nisa, saura abu ɗaya. Mahaifinta, tsohon hedimasta, ya taso takanas daga Kano don ya gan ni kafin ya ce ya bayar. In ya ce a'a shi ke nan, ita ba mai tsallake maganarsa ba ce.

Wata Juma'a aiki ya riƙe yayanta mai masaukinsa, aka rasa mai kai Baba masallaci. Sai ta kira ni.

"Don Allah ka ari motar wani," ta ce. "Please, ban da jar nan."

Na ce to. Ina ajiye waya na je na wanke jar, na goge ta tas. A lissafina, dattijo zai ga irin wannan mota ya san 'yarsa ta samu namiji.

Na same shi a ƙofar gida cikin farar babbar riga, shadda ta sha bugu, ga hula ta zauna daram. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi motar, ya dube ni. Da ƙyar ya naɗe kansa ya shiga. Ga mu kafaɗa da kafaɗa, ni da mutumin da ko ido ban isa in haɗa da shi ba.

"Kada mu rasa huɗuba," ya ce.

Ai kuwa kamar jira nake. Muna hawa babban titin Beltway na sa giya ta huɗu na danna totur. Iska ta shiga babbar riga ta kumbura ta, Baba ya koma kamar ya ninka kansa uku. Can sai hannun rigar ya tashi ya lulluɓe mini fuska gaba ɗaya.

To, a nan fa ake yin ta. Hannuna ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na kan giya, kuma ko da ina da na uku, ta yaya zan kama rigar surukina in ture? A gidanmu ko takalmin babba ba a tsallakewa. Rage gudu kuwa bai ma zo mini a rai ba. Sai na karkatar da kai na samu 'yar kafa ta ƙarƙashin shaddar, na ci gaba da tuƙi da ido ɗaya, ina shaƙar turarensa. Motoci na ta danna mana oda. Ina jin Baba yana salati da ƙarfi, na ce a raina, ka ji mutumin kirki, bai wasa da ranar Juma'a.

Da iska ta janye rigar, abin da na fara gani a madubi shi ne hularsa tana birgima a titi, wata tirela ta bi ta kai. Na saci kallonsa, sanƙo na sheƙi a rana. Na mai da ido kan titi, don ban san da bakin da ake gaya wa suruki kansa a buɗe yake ba.

Mun isa ladan bai ko kira ba. Baba ya daɗe a zaune kafin ya fito, ya ɗora hankici a ka ya shige. Da aka idar, sai na hango shi yana shiga motar kayan wani Alhaji ɗan Kumasi, ko waiwaye babu.

Kwana uku ban ji komai daga wajen Baba ba. Sau ɗaya 'yar tasa ta ɗaga wayata.

"Me ka yi wa Baba? Tun da ya dawo ko lif ɗin hawa bene ba ya yarda ya shiga."

Na tsorata ƙwarai. Na tabbata na rasa ta a kan shirme.

A rana ta huɗu aka ce in zo. Na zauna a ƙasa, kaina a sunkuye, yayanta na gefe yana danne dariya.

"Yaro," in ji Baba, "rigata ta rufe maka ido, ka ga lahira muka nufa, amma ba ka taɓa ta ba."

"Haka ne, Baba."

"Kana da kunya. Hankali ne babu ko kaɗan." Ya numfasa. "Ita kuwa 'yata tana da na mutum biyu. Na ba ka."

Na fara jero godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Ina makullin motar?"

Na miƙa da hannu biyu. Ya zura shi a aljihun riga. Na zaci zai ba ni in zan tafi, sai aka yi addu'a aka shafa, ya tashi ya shiga ciki. A jirgin ƙasa na koma gida, motar kuma sai janyo ta aka yi.

Makulli ɗaya gare ta, kuma da shi ya koma Kano. Shekara tara muka yi da shi kafin Allah ya yi masa rasuwa, kullum muna gaisawa a waya, ban taɓa iya buɗe baki na tambaye shi ba.