Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Tsere

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ban da wata Alhamis da na durƙusa gaban surukina sanye da gajeren wando. Har yau in na tuna sai in ji gumi ya tsattsafo mini.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gagarawa, shekaruna sun haura talatin, 'ya'yana huɗu, ga mahaifiyata tana fama da ciwon ƙafa. An shigo da tsarin ilimi kyauta ga kowa, yara sun cika azuzuwa maƙil, aka ce masu ƙaramar takarda irina su koma karatu ko a bar su a baya. Ni ne mai fitar da yara wasanni, don da ƙuruciya na taɓa kokawa, a langa kuwa ba a kama ni. Sai hedimastanmu ya ce, "Malam, ka nemi fannin motsa jiki mana. Abin da kake yi kullum ne, takarda kawai ka rasa."

Kwaleji biyu na nema. Ta farko can ƙasar Filato, ta aiko mini da wasiƙa ta karɓe ni ba tare da gwaji ba. Sai dai tafiyar yini biyu ce, in ka tafi sai hutu. Ta biyu nan kusa, gefen titin da ya bi ta Gumel zuwa Maigatari, amma sai ka ci gwajin gudu da tsalle. Hankali ya ce ta kusa, saboda tsohuwa da gona. Zuciya kuwa ta ce ta nesa, kuma ba don karatunsu ya fi ba. Gaskiyar magana, kunya nake ji. Magidanci da gemu yana tsallen kwaɗo da gajeren wando a inda kowa ya san shi? Wa ya aike ni!

Maiɗakina ce ta yanke gardamar. "Malam, in ka tafi can, wa zai riƙa kai Inna asibiti? Wandon ai ba a goshi ake sa shi ba." Na ce to, zan je gwajin, amma kada wanda ya ji, balle mutanen gidansu a Ɗanzomo.

Ranar na isa da farar safiya, na tarar da yara sa'o'in ƙannena, har da ɗaya da na taɓa koya wa baƙi. Na laɓe bayan wata bishiyar bedi na cire riga da hula. Malamin gwajin ya ce zagaye huɗu za a yi, ya busa usur. Ai kuwa jiki ya tuna da aikinsa. A zagaye na uku mutum biyu ne kacal a gabana, har na fara cewa a raina, ashe tsohon doki da saura.

Abin da na manta shi ne, Alhamis ce kasuwar Maigatari, kuma surukina bai taɓa fashinta ba. Ina shan kwana ta gefen titi sai ga shi tsaye jikin shingen waya, da rawaninsa da sandarsa, yana jiran mota. Muka haɗa ido. Innalillahi! Wallahi ban yanke shawarar tsayawa ba, ƙafafuna ne suka tsaya da kansu. Shekara goma sha biyu ban taɓa wuce mutumin nan a tsaye ba. Na zube ƙasa, hannu ɗaya yana jan wando ya rufe gwiwa, ɗayan yana kokawa da igiyar takalmi.

"Baba, barka da hantsi. An zo lafiya?"

Tsohon ya kawar da fuska can wajen gonaki. "Lafiya lau, Malam. Yaya iyali?"

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Madalla. Yaya muka ji da ruwa?"

Ina jin dirin ƙafafu suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, malamin gwaji yana ta busa usur kamar zai fasa shi, amma wa ya isa ya katse gaisuwar suruki? Shi ma kunya ta hana shi sallamata. Sai da motarsa ta tsaya ya ce, "To, a gaida gida." Ni na zo na ƙarshe, yara suna dariya har da riƙe ciki.

Da aka kafe sunaye bayan mako biyu, babu nawa. Makonnin nan kuwa ko tuwon kirki ban ci ba. Ga wasiƙar ta nesa a aljihu, suna jiran amsa kafin ƙarshen wata, in na ƙi kuma ba za su sake kirana ba. Ga fargabar abin da ake faɗa a Ɗanzomo, ko an ce mijin 'yarsu ya taɓu. Na rubuta amsar cewa zan je, na kasa kai ta gidan waya. Duk sanda na ɗauko ta sai in ji Inna tana nishi a ɗakinta.

Ana nan sai surukina ya aiko in je. Na tafi. Na same shi a zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa, yana duban bango ina duban ƙasa.

"Malam, an ce ni na kayar da kai."

"Haba Baba, ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, amma da laifinka. Kunyar nan ba kai kaɗai ke ɗauke da ita ba, rabinta tawa ce. Da ka aiko ko da ta bakin 'yar gidan, da na jira mota a wani wurin. Ka bar ni na tsaya ina kallon bakin gona kamar wanda ya ɓatar da akuya." Ya ƙara da cewa, "Kada ka tafi uwa duniya ka bar tsohuwa saboda ni. Baɗi ka faɗa mini ranar."

A hanyar komawa na yayyage amsar. Shekarar nan na yi ta da zullumi, don in na sake faɗuwa, na yi biyu babu. Kullum da asuba ina gudu a burtali, makiyaya suna yi mini sannu. Da lokaci ya yi na aika masa. Gwajin ya sake faɗowa Alhamis, kuma aka ce ranar tsohon ko ƙofar gida bai leƙa ba, ya ba ƙaninsa awakin da zai sayar ya kai kasuwa. Na zo na biyar, aka ɗauke ni. Inna ta rasu ina shekara ta biyu, kuma da ta cika ina zaune a gefenta.

Abin da na koya shi ne, manyan da muke ɓoye wa lamarinmu don kunya, sau da yawa su ne za su fara kauce mana a hanya in mun gaya musu. Ɓoyon da na yi ne ya cinye mini shekara guda, ba surukina ba.