Idon Baba Sanda da Ruwan Alwala

Har gobe ban mance da Talatar da na kusa jawo wa Baba Sanda makanta da bakina ba. Lokacin ina ma'aikaciyar jinya a sashen ido na wani asibiti a yankin Goronyo, tsakiyar noman rani.

Baba Sanda manomin albasa ne daga Boyekai. Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi. Na daman kuma tsoka ta tsiro daga farin ido ta hau baƙin, irin wadda rana da iska ke jawo wa masu wuni a fadama. Likita ya kankare ta. In an yi aikin nan, baƙin ido kan zauna da ɗanyen gyambo, sai a ba mutum wani magani mai kauri kamar mai, ya riƙa matsawa a ido har wurin ya rufe.

Baba ba ya ɗaura agogo, sai na yi dabarata. Na ce, "Baba, duk lokacin salla ka sa." Har ina yabon kaina.

Da ya dawo bayan kwana biyar, likita ya ɗiga masa rini ya haska shuɗiyar fitila. Inda bai warke ba kore yake fitowa, ga shi kuwa kore shar! Likita ya ce, "Sista, in wurin nan ya ruɓe, ba shi da wani idon."

Na ce, "Baba, kana sa maganin kuwa?"

Ya ce, "Ɗiyata, mi kika ɗauke ni? Ko Asuba ban taɓa tsallakewa ba."

Muna cikin haka aka kira Azahar. Baba ya fita waje. Ina kallo ta taga, ya matsa maganin tsaf, sannan ya jawo buta ya wanke fuska sau uku, ido buɗe, maganin duk ya bi ruwa. Innalillahi! Na fita a guje ko takalmi babu.

"Baba, haka kake yi kullum?"

"To mi? Ai sai da tsarki ake salla."

"A gona fa, da wane ruwa?"

"Na kwata mana, wanda ke zuwa daga dam."

Kunya ta kama ni, don laifina ne. Na durƙusa na ce a tafasa masa ruwan alwala, ya rufe idon ya wanke fuska a hankali, magani kuma sai ya sallame salla. Gona a bar wa 'ya'ya. Ya yi ta gunaguni kan albasarsa, amma ya bi.

Bayan mako guda likita ya sake haskawa. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya ce, "Sista, zo ki gani." Ko ɗigon kore babu! Na yi guɗa a ɗakin likita, abin da ban taɓa yi ba.

Baba ya ƙura mini ido ya ce, "Af! Ashe ke ma kin manyanta? Da muryarki na zaci yarinya ce."

Na ce, "Baba, zage ni son ranka, tunda kana gani."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, mutanenmu ba ƙin magani suke ba. Abin da ka faɗa shi za su yi, daidai yadda ka faɗa. Tun daga ranar ban sake sallamar mai aikin ido ba sai na tambaye shi da wane ruwa yake alwala.