Baba Tambaya da Mudun Legas

Baba Tambaya na 'Yankuzo ya yi shekara arba'in yana awon hatsi a kasuwar Tsafe, ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba, shi ma ba ya ƙyale mai tauyewa. Ni maƙwabcinsa ne a rumfa, na sha raba shi faɗa da masu tauyewa.

A 1997 surukinsa Lukuman, ma'aikaci a Gusau, ya saya masa hannun jari a wani kamfani. Ya ce masa yanzu yana da rabo a babbar kasuwar Legas, wadda aka kafa tun shekarar samun 'yancin kai. Tun daga ranar rediyo ba ta bar kunnen Baba ba.

Da aka ce kasuwar ta tashi, sai ya hau sababi: “Wace irin kasuwa ce wagga, ba a shaida ma mai kaya ta ci ba, sai dai ya ji ta tashi?”

Shekara ta zagayo, rediyo ta ce ma'aunin kasuwar ya yi ƙasa. Lukuman ya zauna yana bayani, wai lissafin farashin kamfanoni ne gaba ɗaya.

“Yi min shiru, yaro!” in ji Baba. “Ma'auni bai yin ƙasa da kainai. Bugun gindi anka yi mai, anka tauye shi.”

Washegari ya naɗe tsohon mudunsa a tsumma, ya danƙa wa direban motar shanu mai zuwa kudu.

“Kai ma sarkin kasuwarsu. Ka ce aro ne, ina son abina kafin kaka.”